Wasiƙa zuwa ga Umma daga Kigali

Assalamu alaikum Umma, barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya ke da Baba da su Yaya da yaran gida gaba ɗaya, ya zafin Kano, ya kuma jikin Gwaggo? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni dai alhamdulillahi lafiyata ƙalau.

Auta ta ce min hankalinki ya tashi kwanakin nan da ba a samuna a waya, dan Allah ki kwantar da hankalinki, hutu muka samu a wajen aiki shi ne ni da abokan aikina muka tafi tafiyar keke can yammacin Ruwanda, bakin wani babban tabki da ake kira Kivu, kuma cikin tsaunukan nan sabis ɗin waya sai a hankali. Na san kuna jin labarin rikicin Goma a rediyo, gaskiya ne garin yana manne da Rubavu inda muka fara tafiyar, amma wancan ɓangaren Kwango ne, mu ba mu tsallaka iyaka ba, kudu muka nufa.

Hanyar sunanta Congo Nile Trail, kusan kilomita 227 ce daga Rubavu har Rusizi, mu a Karongi muka tsaya. Tsaunukan wajen su ne suke raba ruwan sama gida biyu, wanda ya gangara yamma ya tafi kogin Kwango, wanda ya yi gabas kuma ya bi kogin Nilu har Masar. Umma wallahi mu 'yan Kano ba mu san tudu ba, ki ɗauka an ɗora Dala a kan Goron Dutse an ce ki hau da keke, kina kaiwa sama ki hango wani yana jiranki, haka abin yake tun safe har la'asar, wani wajen ma dole ka sauka ka tura, ga jar ƙasa ga duwatsu, ga iska mara nauyi saboda shi kansa tabkin yana wajen mita 1,460 sama da teku. Amma in ka kai ƙololuwa ka waiga ka ga ruwa shimfiɗe da tsibirai a cikinsa, gonakin ayaba da kofi da shayi an yanka su hawa-hawa a jikin dutse, sai dai ka ce subhanallahi kawai.

Tabkin nan abin mamaki ne, babu kada babu dorina, amma a can ƙasansa akwai iskar gas mai yawan gaske, har a Karongi akwai tashar da take zuƙo ta ana yin wutar lantarki da ita. Da yamma masunta ke fita, kwale-kwale uku-uku a haɗe da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa, su kwana a kan ruwa da fitilu suna kama wani ɗan ƙaramin kifi sambaza. Shi na yi ta ci soyayye da dafaffiyar ayaba da wake, tunda nama ban cika sakin jiki da yankansa ba in na bar gari. Sallah kuma ƙasaru na yi ta yi, ruwan alwala dai ba a nemansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi nake so ki karanta wa Baba. Mu da muka je don nishaɗi, da kekunanmu masu giya da hular kwano, muna haki, sai ka ga bawan Allah ya zo ya wuce ka da baƙin keke irin na da mara giya ko ɗaya, ya ɗauro buhunan dankali ko gawayi ko garewanin madara, gumi na zuba, da wannan yake ciyar da gidansa yake biyan kuɗin makarantar yara. A garuruwa ma akwai masu haya da keke, da rigunansu masu lamba da ƙungiyarsu, ba wanda yake musu kallon raini. Ƙasar ta riƙi keke da daraja, har gasar tseren keke ta duniya aka yi a nan Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Ina ganin mutanen nan sai Baba ya faɗo min, shekara da shekaru yana ɗaura kaya a bayan kekensa daga gida zuwa Kasuwar Kurmi, rana da hunturu, da shi aka yi mana karatu har na zo inda nake. A Kano yanzu in yaro ya ga babba a kan keke sai ya ɗauka talauci ne, kowa idonsa na kan babur da adaidaita, ni kam ban yarda da wannan ba, abin da ya rufa wa gida asiri ba abin kunya ba ne. Ki ce masa na gode, Allah Ya saka masa da Aljanna.

Saboda haka dan Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan da keken nan da yake jingine a soro, na ji Yaya yana maganar ya tare hanya. Zan turo kuɗi ƙarshen wata ta hannunsa, a kai wa mai gyara a sa sabuwar taya da tib da sarƙa da birki, a ba wa Abba ya riƙa zuwa makaranta da shi, kuɗin adaidaitan da ake kashewa kullum sai ya shiga cefane. Ragowar a saya wa Gwaggo magani.

Na sayo miki ganyen shayin can da kofi na Baba, in na samu mai zuwa zan aiko, ke kuma in da hali a haɗo min yaji da kuka da daddawa, nawa sun kusa ƙarewa. Ki gaishe min da Malam da maƙwabta duka, a ci gaba da sa ni a addu'a. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in sha Allahu.

Ɗanki mai ƙaunarki.