Wasiƙa zuwa Tawa, a kan mabuɗin rumbun gwauraye

Yamai, farkon kaka

Ɗan'uwana kuma abokina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina iyali? Yaya uwargida da yara, yaya mutanen Adar baki ɗaya? Da fatan damina ta yi albarka a wajenku.

Saƙonka ya iso. Na ji dattawa sun ɗora maka hannu ka zama dikon, wato mai hidimar ikkilisiya, sun kuma damƙa maka mabuɗin rumbun gwauraye. Ka ce abin ya ɗan sosa maka rai, don kai ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ka sa wa ido, sai ga shi an haɗa ka da buhu da tiya. Ka karɓa, ɗan'uwa, kuma ka karɓa da fara'a. Biyayyar da take tsayawa inda son ranka ya tsaya, kanka kake bi. Ibraniyawa 13:17 ta ce a bi shugabanni yadda za su yi aikinsu da farin ciki, ba da nishi ba.

Ka sake duba Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni na farko da ya tashi a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a nemo masu ƙarfin ɗaukar kaya ba. Mutum bakwai suka ce a zaɓo, waɗanda ake yi wa kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Istifanas da Filibus daga wajen rabon nan suka fito. Ka lura kuma, dukansu bakwai sunayen Helenanci gare su, alamar cewa ɓangaren da ya yi kuka aka ba riƙon aikin. In kuna da ƴan'uwa daga Benin ko Togo waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, sa ɗaya daga cikinsu a kwamitinka. Sa mace biyu daga zumuntar mata, don su suka san gidan da kwana biyu ba a ga hayaƙi ba.

Lissafi kafin saye. Tiyar hatsi kilo 2 da rabi ce, kusan haka, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40. Babban mutum yana cin wajen rabin kilo a rana, wato tiya ɗaya ta kai shi kwana 5. Gida mai mutum huɗu tiya 24 ke nan a wata. Ikkilisiya ƙarama ba ta iya ɗaukar wannan duka, saboda haka sa tiya 16 a kowane gida, tallafi a kan abin da suke samu. In gidajen 12 ne, watannin wuya kuma huɗu, Yuni zuwa Satumba, tiya 768 za ta tashi, buhu 19 da tiya 8, a ce buhu 20. Ƙara buhu biyu don rasuwa ko baƙon da ba a sa rai ba. Wannan adadin za ka kai gaban dattawa tun kafin baikon godiya, don jama'a su san abin da ake nema. Abin da baiko bai cika ba a saya a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da hatsi ya faɗi. Wanda ya jira Mayu, kuɗinsa ba zai kai ko'ina ba.

Wa za a rubuta? Nan ne rigima take. Bulus ya gaya wa Timoti cewa gwauruwar da take da ƴaƴa ko jikoki, su ne na farko a kanta, don kada a nawaita wa ikkilisiya, ta samu ta kula da waɗanda ba su da kowa (1 Timoti 5:4, 16). Saboda haka kafin ka rubuta tsohuwar da ɗanta yake aiki a Arlit ko Abijan, dattijo ɗaya ya kira ɗan a waya, a tsakaninsu, ya tuna masa hakkin da ke wuyansa. Wasu suna riƙe shekara 60 da ke aya ta 9 su rufe wa gwauruwa mai ƙuruciya ƙofa. A ganina kuskure ne. Waccan ayar maganar waɗanda ikkilisiya za ta ɗauka dindindin take yi, Yakubu 1:27 kuwa bai sa wa marayu da gwauraye shekara ba. Mace mai shekara 30 da yara huɗu ta fi kowa shan wuyar Agusta.

Tiya ɗaya za ka saya, ka sa mata alama da fenti, da ita za a karɓa, da ita za a raba. Ka san halin kasuwa: a saya da tiya mai faɗi a cika ta yi tozo, a sayar da wadda aka bubbuga gindinta a shafe baki. Duniya wayo take kiran wannan. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana a ajiye ma'auni iri biyu a gida, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta ce abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ku yanke tun farko, tozo ko shafe, a rubuta a shafin farko na kaye, wato littafin lissafin rumbu, a bi shi ga matar fasto da baƙuwar jiya daidai wa daida.

Ajiya. Hatsin da ke zangarniya ya fi daɗewa a rumbu, in an kawo dammuna kada a yi gaggawar sussuka. Wanda aka sussuke kuwa sai ya bushe sarai kafin ya shiga buhu. Ka ciji ƙwaya: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in ta lotsa, a mai da shi rana. In kana son tabbaci, zuba tsaba cikin busasshiyar kwalba da cokali biyu na busasshen gishiri, rufe, girgiza, bar ta ɗan lokaci. Gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango. A jera katako a kan duwatsu, a bar tazarar da mutum zai bi ya zagaya, don gara daga ƙasa take tasowa, ɓera kuma bayan buhu yake ɓuya. A duba rufi a watan Mayu, kafin ruwan fari. Tsohon hatsi shi zai fara fita, kuma kada a juye sabo a kansa, ƙwarin tsoho zai kama sabon.

Wake ya fi saurin lalacewa. Nemi buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. Kafin a zuba a hura iska a kowace leda a matsa, a ji ko tana yoyo. A zuba, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Rashin iska ne yake kashe ƙwarin, shi ya sa wanda yake buɗewa kowane mako don ya duba ya ɓata aikin da hannunsa. Ƙwayar Phostoxin da ake sayarwa a kasuwa gas mai guba take fitarwa, tana kashe mutum. Kada ta kusanci ɗakin da ake kwana, ko wanda ya haɗa bango da shi.

Kuɗi kuma, kada ka taɓa ƙirga shi kai kaɗai, ko da dala goma ce. Bulus kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi ɗaya ba. Ya sa Titus da ƴan'uwan da ikkilisiyoyi suka yarda da su a cikin aikin, ya ce yana so abin ya yi kyau a gaban Ubangiji da gaban mutane ma (2 Korantiyawa 8:18-21). Mutum uku a tebur bayan sujada: ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya sake, ɗaya ya rubuta, duka su sa hannu. A rubuta da bik, ba fensir ba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, kada a yage shafi. A rubuta da sefa kawai. Mai ƙirga zai ce dala ɗari, mai rubutu ya sa 100 maimakon 500, ƙarshen wata a ga giɓi, a fara kallon wani bawan Allah da idon ɓarawo. Ƙofar rumbu kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurinka, ɗaya wurin wani dattijo. Kaye ma biyu, na biyun a gidan magatakarda. Tun abin da ya faru a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da nan Yamai, bai kamata takardar ikkilisiya ta kwana wuri guda ba.

Jarrabawar da za ta zo maka ba da siffar sata za ta zo ba. Wani zai ce a ari buhu uku na gwauraye don taron gunduma, ko a taɓa kuɗinsu a gyara lasifika, ai duk aikin Allah ne. Haka Saul ya ce wa Sama'ila, da aka umarce shi ya hallaka kome ya bar tumaki da shanu mafi kyau: don hadaya ne. Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji, ya ce masa biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:14-22). Abin da aka bayar da sunan gwauraye nasu ne. In babba ne ya nema, ka rusuna, ka ce masa ba ka da ikon buɗewa sai majalisar dattawa ta zauna ta rubuta. Ba ka tsaurara murya ba, ba ka kuma buɗe ba. In ka tarar buhu ya ɓace, bi matakan Matiyu 18:15-17 yadda aka jera su: kai da wanda kake zato ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, ikkilisiya ce ta ƙarshe. Yawanci daga ta ƙarshe ake farawa, a rukunin WhatsApp, daga nan gyara ya yi wuya.

Sai rahoto. In wata ikkilisiya ko wani mai taimako daga waje ya ƙara muku kuɗi, za a ce maka rubuta gida 30 maimakon 12, kowa haka yake yi, ai talakawa ne za su ci. Gaskiyar duniya ke nan: abin da ya kawo riba, wanda kuma babu mai musawa. Bilatus ya tambayi Yesu mece ce gaskiya, bai tsaya jin amsa ba. Sau uku ya ce bai same shi da laifi ba, ya kuma miƙa shi, saboda kujerarsa. Hananiya da Safiratu ma, da suka sayar da gona suka ɓoye wani kaso na kuɗin suka kawo sauran kamar shi ke nan duka, Bitrus ya gaya wa mijin a fili cewa gonar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa, ba wanda ya tilasta masa. Adadin da suka faɗa ne ya kashe su. Rubuta 12. In bara ƙwari sun ci buhu biyu saboda sakaci, rubuta wannan ma.

Yadda za a miƙa ya kai abin da za a miƙa nauyi. Kada a kira sunaye daga bagadi, kada a jera mata a rana a gaban majami'a, kada a ɗauki hoton tsohuwa rungume da buhu. Matiyu 6:3 ta ce hagu kada ta san abin da dama take yi. A raba mako biyu-biyu, tiya 8, don in an ba da na wata huɗu gaba ɗaya, masu bin bashi da dangi da suna da biki sun cinye shi kafin Yuli. A kai gida da almuru, ku biyu, kai da mace daga zumunta, kada ka shiga gidan gwauruwa kai kaɗai. Kai za ka sauke kayan daga babur da kanka, ba yaro ba. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaida Inna, in ta shimfiɗa tabarma ka zauna, in ta miƙo ruwa a moɗa ka sha. Wanda ya ƙi ruwan talaka ya gaya mata matsayinta ko bai buɗe baki ba. Ka tambayi ƙafarta, ka duba ko ɗakin yana yoyo, ku yi addu'a gajera. Ubangiji da kansa ya tashi daga cin abinci ya tuɓe mayafi, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, alhali Yahuza yana cikin waɗanda ke zaune. Za ka haɗu da wadda za ta karɓa ba godiya, har ta ce ta maƙwabciya ta fi cika. Bayan mako biyu ka koma da tiya 8 ɗinta.

Maƙwabta Musulmi fa? Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, tun ba ma ƴan'uwa masu bi ba. Daga buhu biyun nan na ajiya a taimaki wanda yunwa ta kama a unguwa, kuma kada a ɗaura masa sharaɗin zuwa sujada. Hatsin da aka maƙala wa ƙugiya ciniki ne. Asibitin Galmi da ke nan kusa da ku tun 1950 yake karɓar duk wanda ya zo, ai ka ga yadda mutanen Adar da Gobir suke ɗaukarsa.

Kafin ka sayi ko tiya ɗaya, ku shiga rumbun da dattijo biyu, a fitar da abin da ya rage na bara, a auna a gabansu, a rubuta, su sa hannu. A share ɗakin, a toshe ramuka, a bar shi a buɗe kwana uku ya sha iska. In ka gama, aiko mini da adadin gidajen da yawan mutanen kowane gida, ba sai da sunaye ba, mu sake duba lissafin tare kafin kasuwa ta motsa.

Ka gaida fasto da dattawa, ka gaida uwargida da kyau. Mutanen gidana suna gaishe ku.

Naka cikin Almasihu,
Abokinka na Yamai