Awa 72 ba ta isar mai keke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne daga garin Biraila na ƙasar Romaniya, a shekarar 2021, a kwana na 47 da barin Donaweshingen ta Jamus a kan keke, inda Kogin Danub ya faro. Tsawon kogin ya kai kusan kilomita 2,850, kuma wani abin mamaki, lissafinsa daga bakin teku ake farawa. Saboda haka allunan da ke gaɓarsa raguwa suke yi kullum. Na jiya ya nuna 170. Idan Allah ya kai ni Tulca, nan zan sauka daga sirdi, domin babu hanyar mota zuwa Sulina inda sifiri yake, sai dai jirgin ruwa.

Tun 2020 na so yin wannan tafiya. A ranar 11 ga Maris ta wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annobar duniya, aka rufe iyakoki, na jingine keken shekara guda. Na faɗi haka ne don masu cewa ganganci na yi. Ban ƙi dokar kowa ba. Takunkumina yana rataye a kan kan keke, kafin in shiga kanti na sa shi. A tanti nake kwana. Akwai ranakun da ban haɗa numfashi da mutum biyar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar gwajin korona kafin a tsallaka iyaka. Allura ɗaya na samu kafin in tashi, don haka takardar rigakafin da Tarayyar Turai ta fara aiki da ita ranar 1 ga Yulin 2021 ba ta cika mini ba. Sai gwajin PCR na gano korona, wanda a wannan shekara ta 2021 galibi ake so kada ya wuce awa 72. Wanda ya tsara wannan doka jirgin sama ne a ransa. Mai jirgi zai yi gwaji yau, gobe ya sauka wata nahiyar. Ni kuwa da kaya fal a kariya, idan na yi kilomita 70 a wuni na gode Allah. Ɗakin gwajin yana babban birni, sakamakon na cin kwana guda, agogon kuma tun lokacin da aka zura maka tsinke a hanci yake fara gudu. Sau ɗaya na isa wani ƙaramin mashigin iyaka da sauran awa huɗu a takardata, na tarar an garƙame shi saboda annoba. Mafi kusa yana da nisan wuni guda. Na isa washegari da takardar da ta mutu, jami'in ya duba ta, ya dubi ƙafafuna, ya girgiza kai. Haka na koma baya, na shiga layi cikin cunkoson mutane na sake gwaji. Wato dokar da aka yi don ta raba ni da taro ita ce ta tura ni cikinsa.

Keken ma ya ji jiki. Sarƙa ta miƙe tun bayan Belgired ta Sabiya, giya na tsalle idan na taka da ƙarfi. Na shiga shago uku neman sabuwa, kowa sai ya nuna mini kanta wayam: duniya ta koma hawan keke tun lokacin kulle, kayan gyara sun yi wuya. Faci dai na daina ƙirgawa.

Amma wahalar da ta fi ci mini rai ba ta ƙarfe ba ce. Wata tsohuwa a wani ƙauye ta ga ina neman ruwa. Ta cika gorata, ta ajiye a kan katanga, ta ja da baya taku biyar sannan ta yi mini nuni in ɗauka. Na ga tana son tambayata daga ina nake. Ba ta matso ba, ni ma ban matsa ba.

Roƙona ga masu tsara irin waɗannan dokoki, su tuna da mai tafiyar ƙafa da mai keke: ko a kai wurin gwaji bakin iyaka, ko a ƙara musu wa'adi. Ni yanzu saura kwana biyu ko uku. Abin da ke hana ni barci shi ne jirgin ƙasan da zai mayar da ni, awa da awanni a rufe cikin tarago ɗaya da mutanen da ban sani ba, ga nau'in korona na Delta yana yawo.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
daga gaɓar Kogin Danub