Idan ɗan'uwa ya rasu a Turai, kada a bari shiru ya kai ga ƙona gawarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu hidimar jana'iza ne a Zariya, garin da ke da malamai da ɗalibai da ma'aikatan jinya masu yawa a ƙetare. Muna neman fili mu ja hankalin iyalansu.

A Ingila kusan kashi 80 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi. Abin da ke saura toka ce da niƙaƙƙen ƙashi, kilo 2 zuwa 3, a ba dangi a tulu. Wasu su taru da abokai su watsa ta a teku, wasu a kan tudu idan mai filin ya yarda. Can nasu, girmamawa ce. Aboki Bature zai iya shirya wa ɗanku haka da zuciya ɗaya, bai san Musulunci ya haramta ba.

Haɗarin ya fi yawa idan ba wanda ya fito ya ce gawar tasa ce. Dokar lafiya ta Ingila ta 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma binne irin wannan gawa ko ƙona ta, amma ta hana ƙonawa idan akwai dalilin cewa mamacin bai so. Wannan dalili ku ne za ku kawo shi, kuma a rubuce. Ranar da labari ya iso a wakilta mutum ɗaya a can, ba biyar ba, a tura wa asibiti takarda cewa mamacin Musulmi ne, binne shi za a yi. Sai a kira masallaci mafi kusa, da yawansu suna da ɗakin wanka da likkafani. Ana rajistar mutuwa cikin kwana 5, a wurin rajistar ake karɓar koriyar takardar izinin binnewa. Idan mutuwar fuju'a ce, jami'in binciken musabbabin mutuwa zai riƙe gawar. A roƙe shi a ɗauki hoton cikinta da na'ura maimakon a fede ta, ko da yake wani lokaci dangi ne ke biya, kuma yana iya ƙi.

Maganar kawo gawa gida, ra'ayinmu a binne inda Allah ya ɗauki rai. Sai an ba wancan jami'i sanarwar kwana 4 na aiki, kamfanonin jirgi su nemi a yi wa gawa allurar hana ruɓa, a sa ta a akwati mai ƙarfe a ciki a liƙe. Ga takardun ofishin jakadanci, ga tafiyar mota daga Kano ko Abuja. Sunna kuwa gaggawa ce, kuɗin ma marayu sun fi buƙatarsu.

A nan gida a karɓi gaisuwa kwana uku, maƙwabta su dafa abinci, kada a bar masu makoki da ɗora tukunya. Abokan da suka yi masa sutura a can su ma an yi musu rashi, a kira su a yi musu ta'aziyya, a karɓi sunan maƙabarta da lambar kabari a wurinsu. Mai shirin tafiya kuma ya bar wasiyya mai sa hannu da shaidu biyu, kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin amininsa a can.

Wassalam.

Daga wasu masu hidimar jana'iza,
Tudun Wada, Zariya