Kafin Ka Koma Cin Nama, Fara Gwada Jininka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don mu yi magana da waɗanda suka bar cin nama, musamman masu fama da kasala da jiri har suna tunanin ko su haƙura su koma.

Kada a yanke hukunci da yadda jiki ke ji kawai. A je a ɗebi jini a duba abu uku: yawan jinin, ajiyar sinadarin ƙarfe da ake kira feritin, da kuma bitamin B12.

B12 ɗin nan shi ya fi tayar mana da hankali. Babba na buƙatar maikirogiram 2.4 a rana, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8, kuma tsirrai ba sa bayar da shi yadda za a dogara da su. Hanta tana tara shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe garau yana ganin tsarin ya karɓe shi, alhali rumbun sai raguwa yake yi. Daga nan sai tafin ƙafa da yatsu su fara yi kamar ana tsira musu allura, harshe ya yi ja ya yi sumul, mantuwa ta yawaita. Wani abin tsoron kuma, ganye da wake cike suke da wani bitamin da ake kira folet, wanda kan ɓoye ƙarancin jinin da rashin B12 ke jawowa a gwaji, jijiyoyi kuwa suna ta lalacewa. In aka yi sakaci, wata illar ba ta gyaruwa. Mai shan madara da cin ƙwai yana da sauƙi, don kofin madara na ba da kusan maikirogiram 1, ƙwai ɗaya kusan rabin haka. Wanda ya bar su duka, ƙwayar B12 ta zame masa dole. Mai shan metformin (maganin ciwon sukari) ko omeprazole (maganin gyambon ciki) na dogon lokaci ya ƙara kula, domin suna rage yadda hanji ke tsotsar bitamin ɗin.

Ƙarfen da ke cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Namiji babba na buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai al'ada 18, mai ciki 27, amma marar cin nama ana so ya kusa ninka hakan. Don ƙarfen ya fi shiga jiki, a jiƙa wake ya kwana kafin a dafa, a haɗa abincin da lemon zaƙi ko tumatir, a jinkirta shayi da kofi har awa guda bayan an ci.

Furotin kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Mai nauyin kilo 60 giram 48 a rana ya ishe shi, kofin dafaffen wake kaɗai ya kusa giram 15.

A gyara waɗannan, a sake gwaji bayan wata uku. Idan sakamako ya daidaita, ƙarfi ya dawo, a ci gaba da tsarin hankali kwance. Idan kuwa abin ya ƙi, ko ƙwayar ba ta samuwa a kai a kai, ko akwai juna biyu, ko yaro ya daina ƙara nauyi, to a ga likita, a shigo da ƙwai da madara, in ta kama har da kifi. Wanda zai koma nama ya fara da kaɗan, ya kuma nisanci wanda aka sarrafa irin su tsiran-alade da naman gwangwani, domin tun 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji.

Naku,
Wasu masu ba da shawara kan abinci da lafiya