Amsata ga mai cewa Christian Okoye ƙato ne kawai

Ƙanena, salamu alaikum.

Ka tambaye ni a gaban jama'a wai me na gani a jikin Christian Okoye, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, da nake yawan zancensa, a cewarka ai ƙato ne kawai da aka miƙa wa ƙwallo yana banke mutane. To bari in ba ka amsa.

Mutumin nan ɗan Inugu ne, haihuwar 1961, kuma ba ƙwallon Amurka ce ta kai shi Amurka ba. Jifan faifai yake yi, da shi ya shiga jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya a 1982, duk burinsa ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, da aka fitar da sunaye babu nasa. Abin nan wallahi har yau yana min ciwo, ga gasar ta zo har ƙofar makarantarsu. Daga nan ne fa ya sa hular kwano ya shiga filin ƙwallon Amurka yana ɗan shekara 23, wasan da yaran can suke tasowa a ciki tun firamare, shi ko dokokin bai sani ba.

Shekara uku kacal ƙungiyar Kansas City Chiefs suka zaɓe shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1987. A kakar 1989 sau 370 aka damƙa masa ƙwallo ya ruga da ita, ya ci yadi 1,480, babu wanda ya kai shi a duk NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Ai cikin masu tare shi akwai waɗanda suka fi shi jiki nesa ba kusa ba, in girma ne kawai da nan take sun danne shi. Kilo sama da 110 amma da saurin ɗan tsere, kafin mai tsaro ya daidaita ƙafa har ya iso kansa ya sunkuyar da kafaɗa, shi ya sa suka sa masa Nigerian Nightmare, wato mugun mafarki daga Najeriya.

Na san za ka kawo karon da Steve Atwater, mai tsaron bayan ƙungiyar Denver, ya yi masa a 1990, kowa shi yake kawowa. Ya sha shi kam, amma ai a 1991 ya sake haura yadi dubu. Gwiwa ce ta ci shi, kaka shida kawai ya buga, 1992 ce ta ƙarshe.

Ka nemi wasanninsa na 1989 ka kalla daga farko har ƙarshe, ba guntun bidiyo ba, sai mu sake magana.

Naka,
yayanka.