Na'urar auna jini da haske tana da iyaka

Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin ma'aikatan lafiya kan na'urar da ake maƙala wa yatsa ta faɗi yawan jini ba tare da an tsira allura ba.

Kada a haɗa ta da 'yar na'urar nan da ta yaɗu lokacin korona. Waccan haske iri biyu gare ta, ja da wanda ido ba ya gani, kuma oksijin da bugun zuciya kawai take faɗa. Mace da jininta ya kusa ƙarewa tana iya nuna oksijin kashi 98 cikin ɗari, domin ɗan abin da ya rage cike yake da iska.

Mai auna hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, kamar Pronto ta kamfanin Masimo, haske iri bakwai ko fiye take ratsa yatsa da shi. Tana ware hasken da jini ke shanyewa a kowane bugu, daga nan ta ƙiyasta hemogulobin giram nawa ne a desilita ɗaya na jini. Kamfanin da kansa ya ce tana iya kaucewa da giram 1, kuma wannan ma tsakanin 8 da 17 ne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ciki da ta gaza 11 (ko 10.5 a watanni ukun tsakiya) tana da ƙarancin jini, wadda ta gaza 7 kuwa, wato PCV (kason jajayen ƙwayoyi a jini) kusan 21 cikin ɗari, tana cikin hatsari. Ke nan inda aka fi buƙatar na'urar, nan ta fi rauni.

Yawancin kuskure daga yatsa yake. Da sanyin hunturu jijiyoyi sukan tsuke, bugu ya raunana. A murza hannun ya yi ɗumi tukuna. A goge jan farce, a guji yatsan da baƙin lalle ya rufe. A kare bakin na'urar daga hasken rana, mutum ya zauna bai motsa ba, a maimaita idan alamar bugu ta yi ƙasa.

Wurin awon ciki tana da amfani wajen tace layi. Amma mai zubar jini bayan haihuwa, da ɗan sikila, da yaron da maleriya ta sa ya ɗashe, a duba cikin fatar ido da tafin hannu, a ɗebi jini a kai gwaji kafin a yanke maganar ƙarin jini.

Naku,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini, Kano