Haba Malam Edita, wannan ba abin dariya ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na daren Laraba ya ɓata min rai, har yau abin na cina. Mai gabatarwa sai dariya yake wai turawa sun ƙera ɓera mai kan mutum, sannan wani ya bugo waya yace jarirai ake kashewa a ɗebo ƙwaƙwalwarsu, shi kuma ya ce Allah ya kyauta ya wuce bai gyara masa ba. Haba dan Allah!

Aikin nan da kuka kawo na Sergiu Pasca ne a jami'ar Stanford ta Amurka a 2022, kuma ba jariri aka taɓa ba. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ake ɗauka, kamar na fata, a mai da su irin na farkon halitta, hanyar da Shinya Yamanaka ɗan Japan ya gano har aka bashi kyautar Nobel a 2012, sai a reno su su zama na ƙwaƙwalwa a dasa wa jinjirin ɓera don a ga yadda cuta ke farawa.

Mahaifina shekara shida yana fama da ciwon karkarwa, Parkinson inji likita. Kofin koko baya iya kaiwa baki sai rabi ya zube masa a riga, carbi ma yanzu a cinya yake ajiyewa yana ja da hannu ɗaya. Tare muke sauraron shirin a tsakar gida, da yaji maganar jarirai sai yace in dai haka ne shi baya son maganin ko an samu. Kun san yadda naji kuwa? Alhali a jami'ar Kyoto irin ƙwayoyin nan aka dasa wa birai masu ciwon a 2017 motsinsu ya gyaru, a 2018 aka fara gwadawa a mutane. Kwana biyu ina lallashin Baba kafin ya yarda dani.

Ni ma bana son a wahalar da dabba, in wannan ne ku gayyato malamin addini da likitan ƙwaƙwalwa su tattauna mu ƙaru, amma ku fara janye waccan maganar a iska.

Sannan tallar mai maganin basir ɗin nan da kuke katse labaran ƙarfe bakwai da ita har sau uku, ku rage mana ita.

Naku mai sauraro,
daga Gusau